Dankalin Bikin Godiya: Amsa ga 'Yar Uwa da Ke Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bana ce shekarata ta farko a Amurka. Maƙwabtanmu sun gayyace mu cin abincin bikin godiyarsu na Thanksgiving, matar gidan kuma ta ce in zo da dankali mai kayan ƙamshi wanda zai ishi mutum goma. Ni dankalin da na sani ko dai a soya ko a dafa a ci da mai da yaji. Yaya ake yin nasu, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Ki sani ba ƙaramin abu matar nan ta danƙa miki ba. A teburin wannan biki, wanda ke faɗowa ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, talo-talo ne babban baƙo, amma dankali yana cikin 'yan rakiyar da kowane gida ke da ra'ayi a kansu. Duk da haka kada ya tayar miki da hankali. Wanda ya iya sarrafa citta da masoro da kanumfari ya riga ya ci rabin aikin. Abin da ya rage shi ne ki san irin dankalinsu, ki kuma san abin da wuta ke yi masa.

Mu fara daga kanti, don a nan baƙo ke fara ɓatan kai. Za ki ga an rubuta "yams" a kan tulin dankali, za ki kuma ji matar gidan da kanta tana kiran abincin da wannan suna. Kada ki nufi shagon 'yan Afirka ki sayo doya. Ba doya take nufi ba, dankali ne mai ciki ruwan lemu. Sunan ya samo asali ne daga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, waɗanda suka laƙaba wa dankalin sunan abin da suka baro gida, daga baya kuma manoman jihar Luwiziyana suka ɗauki sunan a shekarun 1930 don su bambanta nasu mai laushi daga farin dankalin da ake nomawa a wasu jihohi. Har yau ma'aikatar gona ta Amurka tana tilasta wa mai sayarwa ya haɗa da ainihin sunan dankali a jikin kwalin.

Wanda za ki saya shi ne mai jan ɓawo ko ruwan ƙasa, cikinsa ruwan lemu. Sunayen da za ki fi gani su ne Covington, Beauregard, Jewel da Garnet. Covington jami'ar jihar Karolaina ta Arewa ce ta fitar da shi, kuma wannan jiha ita ce kan gaba wajen noman dankali a ƙasar tun 1971. Beauregard daga jami'ar jihar Luwiziyana ya fito a 1987. Duk wanda kika samu a cikinsu zai yi. Akwai wani mai ɓawo ruwan shunayya da farin ciki da suke kira na Japan, shi ne ya fi kama da dankalinmu na gida wajen garɗi da gari-gari. Na san ranki zai biya, amma ki saye shi don kanki da maigida, ba don wannan teburin ba. Ba ya shan romo yadda ake so, launinsa kuma ba shi ne idon mutanen gidan ke jira ba. Sannan ki yi nesa da na gwangwani wanda aka jiƙa cikin ruwan sukari. An riga an dafe shi lugub, duk abin da kika yi masa bayan haka caɓewa zai yi.

Na mutum goma, kilo 2 ya isa, wato fam 4 da rabi a ma'auninsu, tunda tebur ne mai abinci kala bakwai ko takwas, kowa ɗan kaɗan zai ɗiba. Ki zaɓi masu matsakaicin girma, kusan kai ɗaya, masu tauri, ba tabo ba tsiro. Manya-manyan nan sukan yi zare-zare a ciki. In kin kawo gida kada ki saka a firij. Ɗanyen dankali ba ya son sanyin da ya gaza digiri 13 a ma'aunin da muka saba, tsakiyarsa takan ƙandare ta ƙi dahuwa ko an kwana ana gasawa. Ki ajiye shi a kwando a wuri mai duhu da iska.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe, don a kanta komai ya rataya. Zaƙin wannan abinci daga cikin dankalin ya kamata ya fito, ba daga gwangwanin sukari ba. A cikin dankali akwai wani sinadari da masana ke kira beta-amilas, aikinsa shi ne yanka sitaci ya mayar da shi sukarin da ake kira maltos. Sinadarin nan yana barci sai dankali ya ɗauki zafi kamar digiri 57, sai ya tashi ya kama aiki, in zafi ya haura digiri 77 kuma ya mutu. A ma'aunin Amurka tsakanin 135 da 170 ke nan. To duk tsawon lokacin da dankali ya ɗauka a cikin wannan tazara, gwargwadonsa ne zaƙin da zai yi. Kin tuna dankalin da ake binnewa a rushi a manta da shi, in an tono a ga ɓawon ya tsage yana zubar da wani abu kamar zuma? Ba wani sirri, zafi ne ya shige shi a hankali. In kuwa kika jefa yankakken dankali a tafasasshen ruwa, cikin 'yan mintoci ya tsallake tazarar, sinadarin ya mutu bai gama aiki ba, ɗan sukarin da ke akwai kuma ya bi ruwan da za ki tsiyaye. Sakamakon shi ne dankali lami mai ruwa-ruwa, sai mai girki ta rama da kofi guda na sukari ko fiye. Yawancin girke-girken da za ki gani a intanet haka suke, shi ya sa mutum yana kai cokali uku ya ginshe shi.

Don haka ni gasawa nake yi, kuma a obin mai sanyi nake farawa. Ki feraye dankalin, ki yanka shi ƙawanya-ƙawanya, kaurin kowanne kamar santimita 2, kusan faɗin babban yatsanki. Kada ki yanka siriri don ya yi saurin dahuwa, zai kakkarye lokacin juyawa. Ki zuba man girki babban cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, ki cuɗanya da hannu har kowane yanki ya samu. Ki shimfiɗa takardar gashi a manyan farantan obin guda biyu, ki jera dankalin ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba. Faranti ɗaya ba zai ɗauki kilo 2 ba, in kika cusa za su turara juna ne kawai, ba za su yi ja ba. Ki rufe kowane faranti ruf da takardar foyil, ki saka a obin tun ba a kunna ba, sannan ki kunna ki sa a 400, wato digiri 200 a ma'aunin da muka saba. Yayin da obin ke ɗaukar zafi sannu a hankali, dankalin yana ratsa waccan tazara ba gaggawa. Bayan minti 30 ki cire foyil ɗin, ki yi hankali da tururin, ki mayar ki bar shi minti 15 zuwa 20 har ƙasan ya yi ja. A tsakani ki sauya wa farantan wuri, na sama ya koma ƙasa, don babu obin da ke raba zafi daidai.

Kafin nan kin haɗa romon. Man shanu na kanti giram 85, wato kashi uku cikin huɗu na sandar nan da suke sayarwa. Ki sayi wanda ba gishiri. Ki narka shi a ƙaramar tukunya a wuta matsakaiciya, ki ci gaba da juyawa, zai yi kumfa, kumfar ta kwanta, sai ki ga wasu ɗigo-ɗigo a ƙasa sun fara yin ruwan ƙasa, ƙamshi ya tashi irin na soyayyen man shanu. Nan take ki sauke, don tsakanin wannan da ƙauri daƙiƙu ne. A cikin man mai zafi za ki zuba kayan ƙamshin: ɗanyar citta gurzajjiya babban cokali 1, garin kirfa ƙaramin cokali 1, masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya 3 dakakku, gyaɗar ƙamshi kwatan ƙaramin cokali, barkono shi ma kwata. Ki juya na rabin minti. Dalilin zuba su a mai shi ne ƙamshin kirfa da kanumfari da masoro a maiƙo yake narkewa ba a ruwa ba. In kika barbaɗa garin a kan dankali a bushe, ƙonewa zai yi a obin ya bar ɗaci da ƙura-ƙura a harshe. Sai ki zuba ruwan lemun zaƙi rabin kofi da mazarƙwaila giram 60, ki mayar kan wuta ya tafasa kamar minti 5 har ya fara kama bayan cokali.

Mazarƙwaila na ce, kuma ana samunta a nan, sunan ne dai ya bambanta. A shagon 'yan Meziko ki nemi piloncillo, dunƙule ne mai siffar mazurari. A shagon Indiyawa kuma jaggery. Yawanci rake ne aka matse aka dafe ba a tace ba. In ba ki samu ba, sukarinsu mai ruwan ƙasa kwatan kofi ya wadatar, ko ruwan zaƙin bishiyar maple babban cokali 4, amma na ainihi, ba na bogin da ake zubawa a fanke wanda ruwan sukarin masara ne aka rina ba. Zuma ma tana yi, sai dai tana saurin ƙonewa.

Bari in ɗan tsaya a kan kayan ƙamshin, don a nan ne hannunki zai bambanta da na kowa. Amurkawa suna da wani haɗi da suke sayarwa a kwalba na kek ɗin kabewa: kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi, kanumfari, wani lokaci da wata ƙwaya da ake kawowa daga Jamaika. Da kaka ta kama za ki ji shi ko'ina, a kofi, a biskit, har a kyandir. Ba laifi gare shi, amma in kika sa shi a dankali sai ya koma kayan zaƙi, alhali a gefen nama da romo za a ci shi, kuma bayan an gama ga kek ɗin kabewa nan tafe da wannan ƙamshin dai. Shi ya sa nake rage kirfa in ƙara citta ɗanya da masoro. Kirfar da ake sayarwa a Amurka yawanci mai ƙarfin nan ce ta kasiya, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kilo 2, ko da girkin intanet ya ce uku. Kanumfari kuwa kin san halinsa, ba ya zama a wuri bai danne kowa ba. Mu da muka saba da shi a kunu da zoɓo mukan sake hannu, to a nan ƙwaya uku ne, kada ki ƙara ta huɗu. Masoro in kin zo da shi daga gida ki yi amfani da shi, yana da wani ƙamshi mai ɗan ɗaci-ɗaci da baƙin barkononsu ba shi da shi, kuma za a tambaye ki mene ne wannan. Kimba ban ba ki shawara ba, hayaƙi-hayaƙinta yana faɗa da lemu. Barkonon kuma ba don a ji yaji ba ne, don ya ɗan ɗumama maƙogwaro bayan an haɗiye. Akwai tsofaffi da yara a teburin, kuma abin da ke gare mu ba komai ba ne, su hawaye zai sa su.

Game da gyaɗar ƙamshi, malamai sun yi saɓani a kanta saboda mai yawanta yana gusar da hankali. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun halatta ɗan kaɗan a cikin girki. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki bar ta, abincin ba zai rasa komai ba.

Mu koma obin. Ƙasan dankali ya yi ja, sai ki fito da farantan ki juya kowane yanki da faffaɗan cokali. Ki ɗebi kashi biyu cikin uku na romon ki shafa a kai, ki mayar minti 10 zuwa 15. A wannan gaɓar kada ki bar kicin, sukari ba ya jira. Kina ganin gefuna sun yi duhu romon yana ɓalɓala yana danƙo, ki fito da shi. Ki jera a kwanon da za ki kai, ki zuba sauran romon, sannan ki matse lemun tsami rabi a kai, ki ɗanɗana. Abu biyu ne ke raba wannan abinci da alewa: gishiri da tsami. In kin ji zaƙi ya yi yawa, kada ki ce ya ɓaci, ƙara ɗan gishiri da matsin lemu za ki ji ya daidaita. Ruwan tsamiya mai kauri babban cokali ɗaya ma yana yin wannan aiki, ni ma na fi son sa da mazarƙwaila, sai dai yana duhunta launin.

Akwai abin da ya kamata ki tambayi matar gidan tun yanzu: yankakke take so ko markaɗaɗɗe? Iyalan baƙaƙen fata da mutanen Kudu sun fi sabawa da yankakke mai romon sukari, kusa da wanda na koya miki, ko da yake nasu ya fi zaƙi nesa ba kusa ba. Wasu gidaje kuma in sun ce dankali suna nufin wanda aka murƙushe aka zuba a kwano aka gasa da wani abu a samansa. In wannan ne, ki gasa dankalin da ɓawonsa, ki soke shi da cokali mai yatsu, ki fara a obin mai sanyi kamar dā, awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata har wuƙa ta shige ba turjiya. Ki ɓare, ki murƙushe da hannu, ban da bilenda don tana mayar da shi danƙo. Ki zuba wancan romon duka, madara rabin kofi da ƙwai 2, ki juye a kwano ki gasa a 350, wato digiri 175, na minti 30.

Abin da ake ɗorawa a saman ne ke buƙatar ido. Mafi shahara shi ne mashmalo, farar alewar nan mai laushi kamar auduga, wadda ake jerawa a gasa ta yi ja. Al'adar ba ta da tsufan da ake zato, wani kamfanin mashmalo mai suna Angelus ne ya yaɗa ta a ɗan littafin girkin talla a 1917. Matsalarta gare mu ita ce jelatin, wani sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma yawancin mashmalon manyan kantunan Amurka jelatin ɗin alade ne a ciki, ba kuma sa rubuta dabbar a jikin leda, "gelatin" kawai za ki gani. Ki nemi wanda aka rubuta halal, ko na jelatin ɗin kifi, ko wanda ba kayan dabba sam kamar Dandies. Ni dai da za ki bi tawa, ki bar mashmalo gaba ɗaya, zaƙi ne a kan zaƙi. Ƙwayar pecan (ƙwayar wata bishiya ce mai maiƙo kamar gyaɗa) dakakkiya kofi ɗaya, fulawa da sukari mai ruwan ƙasa kowanne sulusin kofi, man shanu babban cokali 3 da ɗan gishiri, a murtsuke da yatsu a barbaɗa, ya fi shi komai, ga rumus-rumus da laushin dankalin ke nema.

Sauran abubuwa biyu da za ki ci karo da su a girke-girkensu: ruwan banila da giyar bourbon. Ruwan banila na ainihi dokar Amurka ta ce sai barasa ta kai kashi 35 cikin ɗari a cikinsa. Akwai wanda ba barasa, akwai na gari, amma wannan haɗin namu ba ya buƙatarsa. Bourbon kuwa za a ce miki ai wuta tana ƙone ta. Ba ta ƙonewa duka, ki tsallake duk girkin da ya ambace ta. Tunda maganar ta zo, a ranar ki tambaya kafin ki ɗebi ganyen kolad da koren wake, a gidaje da yawa da naman alade ake dafa su, ɓawon kek ma wani lokaci da kitsensa ake kwaɓawa. Ki faɗa wa matar tun kafin ranar, ba sa jin haushi, sun saba kowa ya zo da abin da ba ya ci.

Su ma suna da nasu abin da za ki kiyaye musu. Zuciya za ta raya miki ki barbaɗa soyayyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli a kan yankakken, kuma gaskiya yana daɗi ƙwarai. Amma a Amurka akwai yara da dama da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, wasu ko ɗan ɓurɓushi ya shiga bakinsu sai asibiti. Yajin tsire ma da ƙuli a ciki, kada ki manta. Pecan ita ma haka. Ki tambaya tukuna, in kuma ba ki samu amsa ba ki zuba su a ƙaramin kwano daban da cokalinsa, ki faɗi abin da ke ciki.

Kada ki sa ran samun wuri a obin ɗin gidan. Talo-talo yakan mamaye shi awa uku zuwa huɗu, bayansa ga layin sauran kwanuka. Ki je da naki a gama. Ranar Laraba da dare za ki iya yin gashin farko, ki haɗa romon, ki bar su su huce ki saka a firij kowanne daban. Gasasshe ba ruwansa da matsalar sanyin da na faɗa. Ranar Alhamis, awa ɗaya kafin fita, ki ɗumama romon, ki shafa, ki gasa a 400 na minti 15 zuwa 20, lemun tsamin a ƙarshe. Ki rufe da foyil amma ki ɗan huda shi don tururi ya fita, ki naɗe kwanon da tawul mai kauri. In tafiyar ta wuce minti 30 ko an jinkirta zama, minti 10 a obin bayan an fito da talo-talo yana hutawa ya isa, kuma a lokacin ne obin ke samun sarari. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a kan tebur, a firij kuma kwana 3 zuwa 4. Ki je da kwanon da ba za ki damu ba in ya kwana a can, don al'adarsu ce a raba ragowar abinci kowa ya tafi da ƙunshinsa, kuma ba a nan take ake wanke kwanuka a mayar ba.